Wanda Aka Sa Ƙirgan Numfashi

Wani ne a wani ƙauye can bayan Kiyeshe. Ba zan faɗi sunansa ba, don danginsa suna nan da rai, kuma wasunsu ƙarti ne. Mutumin kirki, wallahi. Kai dai kar ka ba shi aikin da sai an yi tunani.

Matarsa Hure tana da fuka, ciwon nan da 'yan likita ke ce wa asma. In ciwon bai taso ba, Hure mace ce mai baki. Takan fara faɗa a bakin rijiya ta ƙarasa shi a bakin murhu, ba ta haɗiye yawu ba. Sati uku ke nan kuma tana kan magana guda, wato jar akuyarta da ta ɓace, wadda kawunta Jatau ya ba ta. Mijin ya ce mata kura ce ta ɗauke. Kura fa, a ƙauyen da rabon a ji kukanta tun ba a haifi Hure ba.

Ran nan da hantsi tana sheƙar gero, ƙaiƙayi ya cika mata ƙirji. Fuka ta tashi. Numfashi ya koma fito, wuya ya loɓa, magana ta gagara. Gogan naka ya ɗora ta a amalanke, ya tsula wa jaki bulala, sai gidan likita.

A ranar, Majo Umaru, babban ma'aikacin wurin, shi kaɗai ne. Ya zaunar da ita a gado, ya fesa mata magani ta cikin gorar roba, ta shaƙa. Bai ajiye gorar ba aka shigo da wani makiyayi da bijimi ya farke wa cinya, jini har ƙasa. Dole Majo ya shiga ɗaya ɗakin ɗinki, labule ne kawai tsakaninsu. Ya cire agogonsa ya miƙa wa mutuminmu.

"Dubi ƙirjinta. Duk ɗagawa guda, ɗaya ke nan. Ka ƙirga na minti ɗaya. In ya wuce talatin, kira ni. In abin ya ƙi sauka, mota za mu kira a kai ta Dutsi."

Mutuminmu ya ce an gama. Ya gyara zama, ya zuba wa ƙirjin ido, ya fara. Ya kai sha bakwai ke nan sai ga sallamar Kawu Jatau da sandarsa, labari ya iske shi a gona. To, suruki ne. Ba a gaida suruki a tsaye, balle baki na ƙirge. Mutuminmu ya juya ga Hure.

"Ke, tsaya nan a sha bakwai, in gaida Kawu."

Ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Aka gaida kwana, aka gaida gajiya, aka gaida gida da gona. Aka tambayi lafiyar jakin Kawu mai ɗingishi. Da ya juyo, ya tarar Hure ba ta jira shi ba, ta yi gaba abinta. Ransa ya ɓaci, ya ce mata shi ya sa ba a iya aiki da ita.

Majo ya tambaya ta bayan labule, nawa ya samu?

"Sha bakwai na gani da idona, Majo. Sauran a bayana ta yi su."

Majo ya leƙo, ya dube shi, ya dubi Kawu, ya gane da wa yake aiki. Ya karɓe agogonsa, ya ɗauko wani ɗan abu kamar matsin shanyar kaya, ya maƙala wa Hure a yatsa. Ya ce wannan ba ruwansa da gaisuwa, shi ke nuna ko iskar da take shaƙa na isa jininta. Aikin mai gida kawai ya karanta lambar. In ta sauka ƙasa da casa'in da biyu, ya yi magana. Ya koma kan cinyar makiyayi.

Lamba ta nuna casa'in da biyu. Can ta koma casa'in da ɗaya. Sai casa'in.

Mutuminmu ya ƙura wa abin ido. Majo ya ba shi amanar lamba, ga ta tana zubewa a gabansa. Ya cire abin ya girgiza, yadda yake wa tocilarsa in ta yi sanyi. Ya hura masa iska, ya goge a riga. Don ya gwada ko ta gyaru, ya maƙala a nasa babban yatsan. Casa'in da takwas.

Ya yi murmushi ya ce wa Kawu ashe abin lafiyarsa lau, yatsan Hure ne ba ƙarfi. Mata da miji ai abu guda ne, bari ya riƙe mata.

Majo ya tambaya, ya ce casa'in da takwas. Majo ya yi hamdala. Bayan ɗan lokaci ya sake tambaya, casa'in da takwas dai. Kawu ya ga abin sha'awa, ya ce a ba shi shi ma ya taimaka wa ɗiyarsa. Aka maƙala masa, ta nuna casa'in da biyar. Mutuminmu ya karɓe cikin ladabi, ya ce Kawu ya huta, shekaru ne.

Ita kuwa Hure tana nan tana kokawa da ranta. Ta buɗe baki, kalma ɗaya ba ta ƙarasa fita. Ta harare shi, bai gani ba, idonsa na kan lamba. Da ta ga ba sarki sai Allah, ta miƙa ƙafa ta shure tasar ƙarfen da ke bakin gado.

Ƙarar ta fito da Majo. Ya dubi Hure, leɓenta ya canja. Ya dubi babban yatsan mai gida. Ya fizge abin ya mayar mata. Tamanin da takwas.

"Ni dai a casa'in da takwas na ba ka shi, Majo. Kawu shaida ne."

Ba wanda ya kula shi. Majo ya sake fesa magani, ya yi mata allura, ya sa mata robar iska a hanci, ya buga waya a shirya mota. Nan fa mutuminmu ya gane ba wasa ake ba. Ya tsuguna a lungu, tsoro ya kama shi, yana hawaye yana addu'a. Duk faɗan Hure, ba ya son gidan nan babu ita.

Allah ya taimaka. Kafin azahar fiton ya lafa, lamba ta hau casa'in da huɗu, a yatsan mai shi. Majo ya ce saura gwaji guda. In Hure ta iya yin doguwar magana a numfashi ɗaya ba ta yanke ba, za a soke mota. In ba ta iya ba, sai Dutsi.

To, Hure ta yi fushi. Ta juya fuska ga bango. Majo ya tambaye ta sunanta, shiru. Kawu ya lallashe ta, shiru. Majo ya ce shi ba zai iya sallamar wadda bai ji muryarta ba, ya ɗauki waya.

Mutuminmu ya ce a dakata. Shi ya san makullin bakin matarsa. Ya auna nisan da hannunta ba zai kai ba, ya ƙara taku ɗaya, ya durƙusa.

"Hure, akuyar nan ba kura ba ce. Ni na kai wa mai bori. Ya ce doguwa ce ta zauna miki a ƙirji, jar akuya take so. Kuma cinyar nan da na kawo ran Juma'a, wadda kika ce ta yi taushi har kika suɗe ƙashi..."

Jama'a, ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta fara daga ranar da aka kai ta gidansa. Ta bi ta kan zabinta uku da ya ce muzuru ne ya cinye. Ta bi ta kan mai borin, da doguwar, da wanda ya haifi doguwar. Ta dawo kan babban yatsansa. Majo na duban agogo yana kaɗa kai. Makiyayin da ake wa ɗinki ya ɗaga labule ya ce a ƙara masa bayani kan zabin.

Kawu Jatau ya miƙe tsaye. Akuyarsa ce tun asali. Ya dai gyara riƙon sanda. Mutuminmu ya zura da gudu. Sau huɗu suka kewaya gidan likita, tsohon da aka ce shekaru ne yana biye da shi taku da taku.

Mutuminmu ya faɗo ɗaki ya ɓuya bayan Majo, harshe waje, ƙirji na sama da ƙasa. Majo ya soke mota, ya ce Hure ta samu sauƙi, gida za ta kwana. Sannan ya dubi mai hakin nan, ya miƙa wa Hure agogo.

"Hure, yanzu ke ki ƙirga mana nashi."

Ta ture agogon, ta gyara ɗaurin zane.

"Ba sai na ƙirga ba, Majo. Na san nawa suka rage mai."