Ranar da Na Ce Ban San 'Yata Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsuguna a ƙofar gidan da aka haife ni, na kalli baƙo ido cikin ido, na ce masa ban san kaina ba. Ban haukace ba, ban kuma sha komai ba. Tsoro ne kawai, irin wanda ke sa mai furfura ya yi abin da ko ɗan firamare ba zai yi ba.

Gyaran janareto nake yi a Ƙofar Wambai, a wata 'yar rumfa da ke manne da zauren gidanmu. Boko ban yi nisa ba. Amma babbar 'yata Nafisa ta yi har jami'a, ta karanci lissafin kuɗi. Bayan bautar ƙasa ta daɗe a gida tana neman aiki ta waya, har wani banki ya kira ta. Suna da wani shiri da suke ɗibar yaran da suka gama jami'a, su horar da su na wasu watanni, wanda ya tsallake a ba shi kujera. Ta ci jarrabawarsu, aka ce ta fara zuwa reshensu na nan Bauchi kafin a kwashe su zuwa Legas, inda za a yi horon gaske.

Ta gaya mini, wannan ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce, "Baba, za su turo mutum ya tabbatar a gidan nan nake, kuma kai ne mahaifina. Ba sa faɗin ranar da zai zo." Na ce to. (A raina, in mutumin banki zai zo, a mota mai sanyi zai zo, da kwat da igiyar wuya. Wa ya gaya mini haka? Ba kowa.)

To a wannan makon ne aka kama Sale, abokin sana'ata. Wani ya kawo masa inji gyara, ashe na sata ne. 'Yan sanda cikin farin kaya suka zo, suka kira sunansa, ya amsa, suka tura shi mota. Da aka sako shi, a karkace yake tafiya, kuma ya daina dariya. Mu masu gyara ba ma tambayar rasit. Rumfata cike take da injinan da ban san asalinsu ba. Tun daga ranar, ko mai keke ne ya rage gudu a gabana sai in leƙa in ga wa ya ɗauko.

Sai ga wani dogon saurayi ya sauko daga keke da hantsi, da jaka a kafaɗa da baƙin gilashi. Kafin ya yi wa kowa sallama ya ɗaga waya ya fara ɗaukar hoto. Ya ɗauki zaure, ya ɗauki rumfa, ya ɗauki injinan. Ni ina tsugune da sufana a hannu.

Ya matso ya ce, "Baba, sannu da aiki." Sai ya tambaye ni wani mutum, ya faɗi sunana cikakke har da na mahaifina, yadda in ba a katin zaɓe ba ban taɓa jin an haɗa su ba.

Na ce, "Wa?"

Ya maimaita.

"Ban san shi ba."

"Ba nan ne gidansa ba?"

"Ni dai haya nake a rumfar nan."

"To akwai wata Nafisa a gidan?"

A nan ya kamata hankalina ya dawo. Amma abin da ya faɗo mini shi ne: har sunan yarinyar sun samo, in ba su same ni ba ita za su ɗauka. Na ce, "Babu mai wannan sunan a nan."

Ya tsallaka wurin Bappa mai kanti, maƙwabcina. A layinmu kuwa ba sai an yi shawara ba, baƙon da ya zo da cikakken sunan mutum ba a nuna masa gida. Bappa ya ga fuskata daga nesa, ya ce, "Ai sun tashi tun bara, na ji an ce Gombe." Inna mai ƙosai da ke gefe, don kada a bar ta a baya, ta ce, "Allah Sarki, mutumin kirki, Allah Ya jiƙansa." Ta kashe ni ina zaune ina kallonta. Saurayin ya latsa wayarsa, ya tari keke ya tafi.

Bappa ya zo ya ba ni hannu ya ce, "Mun rufa maka asiri." Har shayi na saya masa. Da la'asar na kwashi rabin injinan na kai gidan ƙanena a Yelwa, ina ta yaba wa kaina da wayo. Ban gaya wa kowa a cikin gida ba, wai kada in tayar wa mata hankali.

Ba a yi mako ba Nafisa ta dawo gida tun kafin azahar. Ta zauna a bakin zaure da takalmin aikinta a hannu. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi tsorata ni.

Ta ce, "Baba, an ce in dakata a gida. Wai adireshin da na bayar na ƙarya ne. Sun ce wanda za a ba amanar kuɗin mutane, in ya fara da ƙarya, ba a tafiya da shi. Jibi za a fitar da sunayen masu zuwa Legas." Sai ta ɗago kai. "Wani ya zo neman ka?"

Uwarta tana tsaye a bayanta da ludayi. Ta ce, "Malam, kalle ni." Ban kalle ta ba.

Washegari na sa rigar Juma'ata muka tafi bankin. Ƙofarsu mai kama da keji ta ƙi ni, tana ta magana da Turanci, sai da mai gadi ya sa na zaro sukundireba daga aljihu. (Ban san ma na taho da ita ba.) Aka kai mu ofishin wata mata, Madam Rifkatu, mutuniyar Dass, ita ke kula da masu koyon aikin. Ga sanyin na'ura, amma ni gumi nake. A kujerar gefe kuwa, wa zan gani? Dogon saurayin nan, ya cire gilashi, ashe ido ne da shi irin na kowa.

Madam ta juyo mini da kwamfuta. Ga zauren gidanmu, ga rumfa, ga ni tsugune da sufana, baki a buɗe.

"Baba, wane ne wannan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Kai ne ka ce babu Nafisa a gidan?"

"Ni ne."

"To wane ne baban Nafisa?"

"Ni ne."

Ta duba abin da saurayin ya rubuta. "A nan an ce ya koma Gombe. An kuma ce ya rasu. Wanne ne a ciki?"

Na ce, "Babu ko ɗaya, ranki ya daɗe. Ina nan."

Saurayin ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Nafisa tana kallon bango. Ni kuwa na fara zuba bayani, na Sale, na farin kaya, na injina. Har na kai ga cewa na kwashe rabi na ɓoye a Yelwa kafin na tuna ba wanda ya tambaye ni. Na ce, "Yarinyar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ni ne maƙaryacin. In kora za a yi, ni za a kora, sai dai ba ku ɗauke ni aiki ba." Na juya wurin saurayin na ce, "Kai kuma ɗana, me ya hana ka ce daga banki kake?"

Ya ce, "Baba, an hana mu faɗa. In muka faɗa, kowa sai ya ce ya san mutum."

Madam ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallona. Can ta ce nata mahaifin ma da ya ga baƙo da takarda gona yake gudu. Ta ce za ta sake tura saurayin sau ɗaya tak kafin a fitar da sunayen, kuma ba da bakina za a yi aiki ba, da na maƙwabta.

Haka na bi layinmu gida-gida, ni da na sa aka ce ba a san ni ba, ina roƙon a san ni. Bappa ya ce, "Ka tsai da magana ɗaya mana, kana nan ko kana Gombe?" Da saurayin ya dawo, mutane suka yi masa caa. Wannan ya ce shi ya raɗa wa Nafisa suna, wancan ya ce a bayansa ta yi wayo. Inna ta tashe ni daga kabari, ta ƙara masa da ƙosai.

Sunanta ya fito. A tasha, ranar tafiyarta Legas, na ce mata, "Ki yi haƙuri." Ta ce, "Baba, da dai kanka kaɗai ka ce ba ka sani ba." Ta yi murmushi, amma maganar ta zauna mini har yau.

Abin da na koya bai da yawa. Ɗan sandan da na ɓuya dominsa bai taɓa zuwa ba, wanda ya kusa cin aikin 'yata ni ne da bakina. Tsoron kuma bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya. Sai dai yanzu in baƙo ya zo da cikakken sunana, ba na cewa ni ne, ba na cewa ba ni ba ne. Kujera nake miƙa masa, in ce ya zauna, in shiga ciki in tambayo matata ko mai gidan yana nan.