Haƙoran Talle

A wani daji an yi wasu birai masu mugun hali guda: ba sa ganin ɗan da ba nasu ba sai ranar da ya yi ɓarna. Al'adarsu kuwa, da hantsi kowa ya zauna a duba masa jiki, a cire masa kaska. Uwa ta duba ɗanta, ɗa ya duba uwarsa.

Akwai ɗan biri Talle, wanda tarko ya kashe uwarsa tun yana goye. Da ya tasa sai ya kama cizo. Ya ciji yara uku, sannan ya yage kunnen ɗan Barmo, shugaban garken. Nan take aka kira taro a gindin kanya.

Barmo ya ce, "Jama'a, yaron nan mugun iri ne. A cire masa fiƙa kowa ya huta."

Jatau, ƙanen uwar Talle, ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ya fi zubar wa mutunci. Ni zan danne shi."

Aka danne shi, aka sa dutse aka fitar da fiƙoƙi huɗu. Tsohuwa Kande ce ta riƙe kansa. Hannunta ya saba, sai ya shiga tona gashi ba ta sani ba. Ta tsaya cak.

"Ku matso ku gani."

Kunnuwansa cike da kaska, wasu kamar ƙwayar gyaɗa, ƙeya duk gyambo. Ashe duk yaron da ya taɓa masa kai a wasa, wuta ya ɗora masa.

Kande ta ce, "Jatau, yaushe rabonka da duba yaron nan?"

"Iya, ai na ɗauka ke kike duba shi."

"Ni ma na ɗauka kai ne. Barmo, kai fa?"

Barmo ya ce ba don wannan aka kira taro ba.

Abin da ya hana su ɗaga ido, Talle bai yi kokawa ba. Da ya ji yatsun Kande a gashinsa sai ya lumshe ido, ya ƙara miƙo ƙeya, jini na zuba daga bakinsa.

Daga ranar abinci ya gagare shi. Kafin ruwan farko ya sauka, ya mutu.

Ga abin da garken ya rasa: kunne ɗaya, yaro ɗaya, da tsohuwa Kande, wadda ta bar su ko sallama babu. Haƙoran huɗu Barmo ya sa an adana a kogon kanya. A faɗi gaskiya, har yau ba su sake cizon kowa ba.