Yadda Ake Buɗe Mota Marar Makulli Kafin Kek Ya Narke

Ɗan'uwa, idan motarka irin ta zamani ce, wadda ba a zura mata makulli sai dai a danna maɓalli, kuma yau ta kulle kanta ta bar ka tsaye a rana, kwantar da hankalinka. Duk wanda ya bi matakan nan, na yi alkawari sai ƙofa ta buɗe, sai inji ya tashi. Ni da kaina na gwada su ranar Asabar ɗin da ta wuce, a gaban shaidu, kuma har yanzu shaidun ba su gaji da ba da labari ba.

Mataki na 1: Tanadi abin da zai lalace

Motar da ta kulle babu komai a ciki ai hutu ce. Kana bukatar kaya mai tsoron zafi. Ni na yi amfani da kek mai hawa-hawa wanda maman yara ta yi kwanaki tana haɗawa. Ta daɗe tana gasa ƙanana tana raba wa maƙwabta kyauta don su ɗanɗana, sai yanzu wata Hajiya ta ba ta aikin farko na gaske, kek ɗin liyafar kammala karatun 'yarta. In ya yi kyau, ƙawayen Hajiya za su nemi lambarta. In bai yi ba, a koma ciyar da maƙwabta.

Idan ta ce za ta ɗauki tasi ta kai da kanta, ka nuna an taɓa maka mutunci. Ka ce, "Da mota a gidan nan za ki hau tasi? Je ki shirya ki taho daga baya, ni zan kai."

Za ta ce, "To Injiniya, don Allah kada ka tsaya ko'ina." Injiniya take ce maka tun ranar da ka gyara fanka ta koma juyawa baya.

Ka ce, "Haba, sai ka ce yaro?"

Mataki na 2: Tsaya

A shagon aski ya fi. Ba aski za ka yi ba, abokai ne zaune a benci kuma ba su ga motar ba tukuna. Ka ajiye ta inda babu inuwa, don fenti ya fi sheƙi a rana. Ka fito a hankali, ka shafi mariƙin ƙofa da ɗan yatsa, ta yi ƙyit ta kulle.

Mai aski zai saki baki ya ce, "Ikon Allah! Babu makulli?"

Ka ce, "Ai an wuce wannan zamanin." Ka buɗe, ka kulle, ka sake, har kowa ya ƙoshi. Kada ka tuna da rubutun da ya daɗe yana fitowa a gaban sitiyari cewa batirin rimot ya kusa ƙarewa. Motocin yanzu sun cika ƙorafi, in ka biye musu ba za ka fita daga gida ba.

Mataki na 3: Ja ƙofa

Ba za ta buɗe ba. Ka yi 'yar dariya ka sake ja. Ka ciro rimot ka danna daga kusa, ka ja da baya ka danna daga nesa, ka ɗaga shi sama kamar mai neman sabis. Dogo, ɗaya daga cikin 'yan benci, wanda ko keke bai mallaka ba, zai ce a manna a haɓa a danna. Ka manna. Daga nan ka bubbuga shi a tafin hannu yadda ake yi wa na talabijin.

Yanzu leƙa ta gilashi. Ga kwalin can a kujerar baya, kuma ta ledar da ke samansa kana hango furannin kirim sun fara gumi. Kai ma ka fara.

Mataki na 4: Nemi mai laifi

Wannan ne matakin da na fi ƙwarewa a kai. Fara da kamfanin da ya ƙera motar. Koma kan wanda ya sayar maka da ita ya ba ka rimot ɗaya tak. In kana da sauran numfashi, haɗa da eriyar waya da ke tsallaken titi, da bakin mutane, kana faɗa kana kallon Dogo.

A daidai nan waya za ta yi ƙara. Maman yara ce. "Ka isa?"

"Ina hanya, cunkoso ne ya riƙe ni."

Za ta ce, "Cunkoson har da injin aski?"

Ka harari mai aski, ko da yake sana'arsa kawai yake yi. Sannan ka faɗa mata inda kake da abin da ya faru, muryarka ƙasa-ƙasa. Za ta kashe waya.

Mataki na 5: Yar da rimot

Ba da gangan ba. Hannu ya jiƙe da gumi, rimot ya suɓuce ya bugi ƙasa, sai ga wani siririn makullin ƙarfe ya leƙo daga gindinsa. Ashe tun ranar da ka sayi motar kake yawo da shi a aljihu. Ka sunkuya ka ɗauka ka ce, "Yauwa, dama shi nake nema."

Ramin makullin yana ɓoye ƙarƙashin wani ɗan murfin roba a ƙarshen mariƙin ƙofar direba. Ka ɓanɓare shi, ka kankare fenti a hanya, ba komai. Kana murɗawa ƙofa za ta buɗe, jiniyar motar ta kece da ihu, duk layin ya fito kallo. Zafi zai doke ka a fuska, tare da ƙamshin sukari mai daɗi. Daɗin ƙamshin nan shi ne mugun labarin.

Mataki na 6: Tayar da ita

Ka danna maɓalli. Motar za ta rubuta maka cewa ba ta ga makulli ba, alhali ga shi a hannunka. Ka taka birki ka sake dannawa. Ka zage ta. A ƙarshe, don tsabar haushi, ka soki maɓallin da rimot ɗin kansa. Inji zai tashi, jiniya ta yi shiru, domin in batir ya mutu sai an kanga mata rimot a jikin maɓallin take gane shi. Ka yi fuskar wanda ya san haka tun tuni.

'Yan benci za su yi tafi. Ka juyo don karɓar yabo, sai ka ga maman yara tana fitowa daga tasi cikin kayanta na fita, riƙe da ƙananan katunan da ta buga da lambar wayarta don raba wa baƙi.

Mataki na 7: Yi shiru

Za ta buɗe ƙofar baya ta ɗaga murfin kwalin. Hawan sama ya zame ya kwanta a gefe, furanni sun zama tafki, sunan yarinyar ya gangaro ba ya karantuwa. Ka shirya wa faɗa, har ka tanadi amsa. Ba za ta yi ba. Za ta rufe kwalin a hankali, ta saka katunan a jaka, ta ciro waya.

"Hajiya, don Allah ki yafe ni. Kek ya lalace a hanya. Laifina ne, ban tsara kawowar yadda ya kamata ba. Yanzu zan nemo wani a shago in kawo miki."

Daga inda kake zaune kana jin muryar Hajiya, kuma ba albarka take sawa ba. Maman yara tana ta cewa "Haka ne, Hajiya," idonta a kan kwalin. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma na sha jin kunya.

Za ta zauna a baya kusa da kwalin. Ka ƙure esi, don ka nuna kana da amfani. Za ta ce, "Rage shi, baban yara. Babu sauran abin da zai narke."

Gargaɗi

Mai wannan bayani ba shi da hannu a kankararren fenti, ko narkakken kek, ko shirun da za a yi maka a gida. Kada a kira shi, kada a aiko masa da saƙo. In kuwa dole sai an sami mai laifi, maman yara ta riga ta karɓa a waya, ina zaune ina ji, ban ce uffan ba.