Dutsen Sama a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaida mahaifin budurwata Rakiya a unguwar Agege ta Legas. Shekarar ce soja suka koma bariki, kowa a ƙasar ya sami bakin magana, ni ma na ɗebi kasona har da na wasu. Ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karatun kimiyyar duwatsu, kaina kuwa ya fi ƙarfin hulata.

Mahaifin nata, Alhaji Mamman mai goro, ba ya ɗaukar ɗan boko da muhimmanci. Ya ce sai ya ga hankalina da idonsa kafin ya yarda manyana su zo neman aure. Rakiya ta ja mini kunne: "Don Allah ka gaishe shi, ka sunkuyar da kai, ka yi shiru. Ban da lacca." Na ce haba, sai ka ce wani yaro.

Na sauka daga motar haya ta danfo, rigata ta sha sitati. Aka shimfiɗa mini tabarma a baranda kusa da rijiya, Alhaji yana kan kujera da aminansa biyu. Gaisuwa ta tafi lafiya lau, har ya tambaye ni, "To samari, me ake koya muku a makarantar?"

"Duwatsu, Baba."

"Duwatsu? Na gini?"

Ɗaya daga cikin aminan ya yi 'yar dariya. Wannan dariyar ce ta kai ni ta baro.

Na gyara zama. Na ce musu lokacin da duniya take jaririya, narkakkiya ce, duwatsu suna ta faɗo mata daga sama. Suka narke, suka gauraya da tsokarta da ke can ƙarƙashin ɓawon da muke takawa. Yaya aka sani? Kowane ƙarfe yana da ƙwayoyi iri ɗaya, amma wasu sun ɗan fi wasu nauyi. Masana suna auna yawan masu nauyin da marasa nauyin a cikin duwatsun da suka fito daga zurfin ƙasa, sai su ga awon ya dace da na duwatsun sama. "Kamar yadda kuke duban goro, Baba, ku ce wannan daga Shagamu ya zo."

Alhaji ya ce, "Ikon Allah!" Har ya ajiye carbinsa. (Mai hankali a nan zai yi shiru ya tafi da ribarsa.)

Ya tambaye ni, "Kai ka taɓa ganin irin dutsen?"

Gaskiya a hoto kawai na gani, shi ma hoton ya dushe don yawan kwafi. Amma na ce, "Sosai ma." Sai idona ya faɗa kan wani dutse a bakin rijiyar, baƙi ƙirin, duk jikinsa ƙananan ramuka. Na tashi na ɗauko, na ji nauyi. Zuciyata ta ce yau ka gama da su.

A wurin aikinmu, idan ana so a ga ƙwayar dutse da kyau, jiƙa shi ake yi da harshe. Haka malamai suka koya mana a daji. Don haka na ɗaga shi gaban dattawan nan, na lasa. Na duba, na gyaɗa kai irin na manyan masana, na sake lasa. Na ji ɗanɗanon sabulun salo da wani abu mai gishiri-gishiri. Na ce, "Ƙarfe ne wannan, Baba. Ba mamaki ya girmi Legas."

Sai ga kakar Rakiya, Hajiya Iya, ta fito da bokiti, ƙafarta ɗaya a jiƙe.

"Wa ya ɗauke mini dutsen kaushi? Ƙafa ɗaya na goge aka kira ni ciki." Ta dube ni, ta dubi hannuna, ta ce da Hausarta mai gauraye da Yarbanci: "Ah-ah! Mijin namu, yunwa ce haka? Oya, miƙo mini abina jare. A bakin titin jirgin ƙasa na tsinto shi."

Wallahi na so rijiyar nan ta buɗe baki ta haɗiye ni. Ga yawu cike da bakina, ga shi ba a tofarwa gaban suruki. Na duba hagu, na duba dama, babu mafita. Na runtse ido na haɗiye, kowa kuma ya ji wucewarsa.

Aminan suka kwashe da dariya, ɗaya har hularsa ta faɗi. Daga bayan labule na ji salatin Rakiya. Na tabbata aure ya sha ruwa, na fara laluben takalmina.

Alhaji ya share hawayen dariya da bakin rigarsa. "Zauna, samari. Ka turo manyanka. Hankalin dai da saura, amma wanda ya lashi kaushin uwata ya haɗiye don kunyata, ba zai wulaƙanta mini 'ya ba."

Haka na sami Rakiya. Kuma tun daga ranar, kafin in yi wa mutane bayanin daga ina abu ya faɗo, nakan fara tambaya: na waye, kuma me ake yi da shi?