Hancin Orville da Kwabon Gindin Tuffa

"Ni tagulla da hanci nake jin ta, ko tana ƙasan kabari!" in ji Orville Hostetter, sarkin cika baki na ƙungiyar masu tara tsoffin kwabbai a Pennsylvania. Aboki, da ka ga yadda yake tura tumbi, sai ka rantse kakansa ne ya ƙera kuɗin Amurka. Alhali kwabon kirki ɗaya tal gogan naka ya mallaka, na shekarar 1794, shi ma sai da ya sayar da motarsa ya saya a ɓoye.

Dabara ta faɗo wa shashashan: ya binne kwabon a lambun bayan gidansa, gindin tsohuwar bishiyar tuffa, ya kafa tsinke don alama, ya gayyato 'yan ƙungiya su ga ikon hanci.

Ranar Asabar suka hallara. Tsinke fa? Kare ya yi gaba da shi.

Orville ya shinshina gabas, ya haƙa: ƙusa. Ya shinshina yamma: murfin kwalba.

"Hancin naka mura yake yi ne?" in ji Lyle, shugaban ƙungiya.

"Ɗumi yake ɗauka, Malam!"

Ya ƙara kafta shebur, ya fasa bututun ruwa, ya jiƙe sharkaf kamar kazar da ta faɗa rijiya. Da ƙyar dai, yana rarrafe cikin taɓo, ya lalubo kwabon ya ɗaga sama.

"Kun gani, mahassada?"

Sai ga tsohuwa Verna, maƙwabciyarsa, da sandarta.

"Sannu da aiki, ɗan nan. Miƙo."

"Miƙo me, Iya?"

"Bishiyar nan mijina ya dasa, iyakarka tana can bayanka. Abin da ya fito daga ƙasata nawa ne."

Lyle ya gyaɗa kai. Verna ta zare kwabon daga hannunsa ta jefa aljihu.

Idon Orville ya raina fata. Ga mota ta tafi, ga kwabo na shirin bin ta. Ya zube a taɓo.

"Iya, don Allah! Nawa ne! Ni na binne shi, maganar hancin nan duk ƙarya ce!"

'Yan ƙungiya suka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Verna ta dube shi sama da ƙasa.

"To, ka faɗa da bakinka kai maƙaryaci ne. Ni kuwa ba na ba maƙaryaci dukiyata. Ka cike ramukan nan kafin ka tafi."