Tsaya Tukuna, Baba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na bi mafarauta daji ba, ko da kuwa ina so in manta. A shekarar ne aka tura ni koyarwa wata firamare a wani ƙauye kusa da Toranke. Iyalina suna Gaya, ni kuwa ina wani ɗan ɗaki a bayan makaranta, daga ni sai tabarma da buta da wayata. In aka tashi 'yan makaranta, sai in kai magariba ban ji wanda ya kira sunana ba. Mutanen garin ba su ƙi ni ba, amma abin bai wuce "Sannu Malam" a wuce ba. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai.

Mutum ɗaya ne ya ja ni a jika, wato Baba Sale, wani tsohon mafarauci da gidansa ke jikin makarantar. Kullum bayan la'asar sai ya zo da kwanon fura, ya zauna a bakin tabarmata, ya yi ta ba ni labarin daji. Wallahi tun safe nake fara jiran la'asar.

Da aka gama girbi suka sa ranar farauta, na ce zan bi su.

"Malam, me za ka yi a daji? Ba ka da gora, ba ka da kare."

Na ce, "Ina da waya, Baba. Zan yi maka hoton da jikokinka za su riƙa nunawa."

A raina kuwa so nake su ma sauran mafarautan su san da zamana. Mako guda na yi ina koyon dabarun hoto: a goge gilashi, rana ta kasance a bayan mai ɗauka, a durƙusa daidai da abin da za a ɗauka, kuma kada jini ya fito. (Akuyar hedimasta ta sha wahalata a makon nan, har in ta hango ni sai ta sake hanya.)

Ranar muka fita da hantsi, ana kiɗa, karnuka suna gaba. Har rana ta take ba abin da na ɗauka sai bayan mutane da ƙura. Can sai karen Baba ya tayar da gada daga wani kurmi. Tsohon nan ya wurga gora, sai ga ta a ƙasa tana shure-shure. Ya ruga kamar saurayi, ya danne ta, ya zaro wuƙar da ya ce ta kakansa ce tun kafin zuwan Turawa, yana cewa, "Allahu Akbar! Shekara bakwai rabona da gada!"

Nan fa gwani ya iso.

"Tsaya tukuna, Baba! Kada ka yanka, jini zai ɓata hoton!"

"Malam, ta jigata fa."

"Yanzu-yanzu, Baba. Juyo nan, rana ta shige maka baya."

Bawan Allah nan, don ganin girmana, ya ja gadar ya juyo. Na ce ya gyara hula, ya gyara. Na durƙusa, na goge gilashi da bakin riga, na ce ya ɗaga kanta kaɗan, ya yi murmushi. Na ɗauka, na duba, na ce a sake. Ni kaina na lura ta daina motsi, har na ji daɗi a raina, wai ta tsaya mini da kyau.

Kafin nan mafarauta sun kewaye mu. Babbansu ya sunkuya ya taɓa ta, ya buɗe idonta, ya miƙe.

"Sale, mayar da wuƙarka. Ka same ta da rai ba ka yanka ba. Ta zama mushe."

Sai wani daga baya ya ce, "Ba wannan ne aka ce mahaifinsa yana ba da karatu a Gaya ba?"

Shi ne fa. Wannan hukuncin tun ina ƙarami na haddace shi, har na taɓa koyar da shi a aji. Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba Sale bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya mayar da wuƙar kakansa cikin kube ba ta taɓa jini ba, ya ja gadar gefe ya bar wa karnuka. Na biyo su a baya har gari, babu wanda ya waiwayo ni.

Daga ranar sunana ya koma Malam Tsaya Tukuna. Fura ba ta yanke ba, don Baba mutumin kirki ne, sai dai yanzu a bakin ƙofa nake samun kwanon a rufe. Na je na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, rabon karnuka ce. Amma bai sake zama a tabarmata ba har aka mayar da ni Gaya.

Hoton kuwa ya yi kyau, ban taɓa ɗaukar kamarsa ba. Haske daidai, hula daidai, ba ɗigon jini ko ɗaya. Yana nan a wayata, ban taɓa nuna wa kowa ba, har shi mai hoton. Yanzu duk wanda ya tambaye ni dabarar hoton farauta, guda ɗaya nake ba shi: ka bari a yanka tukuna.