Baba, Kada Ku Sha!

Shekarar da soja suka koma bariki, ni ma na naɗa kaina injiniya. A ɗakinmu na Agege nake zana hanyoyin wuta a kan farantin tagulla don haɗa rediyo, in tsoma shi cikin ruwan asid mai launin ƙasa ya cinye ragowar. Matata Hadiza ta ce in manna wa kwalbar suna. Na ce, "Ni da na zuba shi zan manta?"

Ina wurin aiki a Ogba sai gabana ya faɗi. Na tuna mahaifinta ya zo jinya gidanmu, yana shan agbo, jiƙon nan na Yarbawa, kuma kwalbarsa sak tawa, a taga ɗaya. Na haye okada ina salati, na faɗa gida da takalmi ɗaya ina ihu, "Baba, kada ku sha!"

Na tarar da shi lafiya lau, yana cin goro. Ashe tun jiya Hadiza ta kulle tawa a akwati. Na zube ƙasa ina hamdala, maƙwabta sun cika ƙofa.

Har yau in aka miƙa wa wani shayi a layinmu, sai ya juyo ya ce, "Oga Injiniya, a sha ko kada a sha?"